Saudatu Mai Keke da Ɗanta Mai Girki

A Ƙofar 'Yandaka, in ka ce kana neman gidan Saudatu, sai an tambaye ka wace Saudatun. Amma in ka ce Saudatu Mai Keke, kowa zai nuna maka lungun. Baƙo kan ɗauka keken hawa take sayarwa. Keken ɗinki take gyarawa, gida-gida, da wata baƙar jaka rataye a kafaɗa ƙarƙashin hijabi. In tana tafe, tun daga nesa za ka ji ƙarafa na kacau-kacau a cikin jakar.

Ba da wannan sana'a ta tashi ba. Mijinta, Malam Sagir, shi ne mai gyaran, yana da rumfa a Babbar Kasuwa tare da wansa Alhaji Zakari. Mutum ne mai son aiki da son magana. In aiki ya yi masa yawa sai ya ɗauko kan keke ya kawo gida, ya baje a tabarma bayan la'asar, yana kwancewa yana bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Saudatu na gefe tana tankaɗe ko tsintar shinkafa, tana amsawa da "to" da "ashe". Ba ta taɓa zaton wani abu na shiga kanta ba.

Da damunar 2012 Malam Sagir ya kwanta ciwo, kwana tara Allah Ya yi masa rasuwa. Ya bar ta da 'ya'ya uku. Babban shi ne Mahmud, mai shekara tara, wanda ya ci sunan kakansa na wajen uba, don haka kowa ke kiransa Babaji. Sai Fadila mai shekara shida, sai ƙaramar, Halimatus Sa'adiyya, wadda ba a jima da yaye ta ba, ana ce mata Auta.

Bayan ta fita takaba da 'yan makonni, ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ta tarar da matar gidan na faɗa da kekenta. Keken na tsallake ɗinki yana tsinka zare, ga kayan sallar mutane jibge a kan gado, ga maigidan ya ce ba namijin da zai shigar masa gida, shi kuma bai da lokacin kai keke kasuwa. Saudatu ta ce a ɗan taka ta ji. Aka taka. Sai ta ji bakinta ya ce ƙoshiyar zaren ƙasa ce ta goce, kamar Malam Sagir ne ya yi maganar. Ta koma gida ta jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ta dawo ta zauna a ƙasa. Kafin a kira azahar keken na gudu sumul.

Labari ya bi gari. Matan da ke ɗinki a cikin gidaje a Katsina ba su ƙirguwa, amma mai gyaran da za ta yi sallama ta wuce har uwar ɗaka, ita kaɗai ce a wannan yanki. Daga Ƙofar 'Yandaka aka fara aiko mata daga Gobarau, daga nan har bayan ganuwa. Alhaji Zakari ya zo ya ce mata wannan aikin maza ne, ta zauna gida shi zai riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa. Ta yi masa godiya sosai, ta raka shi har zaure, washegari ta rataya jakarta ta fita.

Manema ma sun zo, don lokacin ba ta wuce talatin da biyu ba. Duk wanda ya zo takan gaya masa gaskiya tun a zaman farko: ita da 'ya'ya uku take tafe, da jakar ƙarfe guda, kuma ba wanda za ta ajiye a cikinsu. Wani tsohon hedimasta ya fi kowa naci. Ya yarda da 'ya'yan, ya ƙi jakar. Saudatu ta gyara wa 'yarsa keke kyauta, suka rabu cikin mutunci.

Tun da uwa na fita da safe, wani lokaci sai yamma, dole wani ya riƙe gida. Babaji ne ya riƙe. Da farko ɗumame kawai yake yi wa ƙannensa. Daga nan ya fara ɗora ruwan tuwo kafin ta dawo. Wata rana ta dawo a gajiye ta tarar har an kaɗa miyar kuka, ta ɗanɗana ta ji ta fi tata. Ba ta faɗa ba. Ta dai ce masa gobe ya rage barkono. A ranta ta ɗauka abin yarinta ne da lalura, in Fadila ta tasa zai sakar mata ludayi ya kama abin maza.

Don ita Saudatu ta riga ta gama tsara wa kowa rayuwarsa. Babaji zai gaji ubansa, ya zauna a rumfar kasuwa. Fadila za ta zama malamar asibiti, saboda ba ta tsoron jini, ita ke fiɗar kaza tun tana 'yar shekara tara. Auta kuwa, ta ce, wannan mai bakin ko lauya ko dillaliya, Allah Ya zaɓa.

Shekarar da Babaji ya gama sakandare, tsarin nan ya fara warwarewa ta inda ba ta zata ba.

Fadila ce ta fara. Ta shiga wata Islamiyya ta hadda, wata uku tsakani ta koma ustaziya. Hijabi har ƙasa, safar hannu, safar ƙafa. Ba wannan ya dami Saudatu ba. Abin da ya dame ta, yarinyar ta mai da gidan aji. In uwar ta idar da salla sai ta tarar da Fadila tsaye tana jira, cikin ladabi, ta gaya mata cewa harafi kaza bai fita daga inda ya kamata ba. Rediyo ya zama abin tuhuma. Maganar asibiti kuwa ta ce ta janye, ita larabci za ta karanta. Saudatu ta yi kwana biyu tana cika tana batsewa, rana ta uku ta ɗauko tabarma ta zauna gaban 'yarta ta ce to malama, a gyara mata Fatihar gaba ɗaya a huta. Aka gyara. Ta ce saura sharaɗi guda: malamin kirki shi ma yana wanke-wanke. Fadila ta tashi ta tattara kwanuka.

Sai Auta. Tana aji shida na firamare ta sanar da gida cewa daga yau ba ta amsa Auta, ba ta amsa Halima, ba ta amsa Sadiya. Sunanta Halimatus Sa'adiyya, kuma a faɗe shi duka. In an kira ta da guntu sai ta yi kamar da bango ake. Ta kuma daina cewa "mi" da "tahi" irin na mutanen gari, ta koma "me" da "tafi" tana jan murya irin ta masu karanta labarai, tana ɗaukar muciya ta kara a baki tana gabatar da shiri ga kaji. Saudatu ta ce kafin ta gama kiran wannan suna ai tuwo ya ƙone, amma ta riƙa kira. Ta ce wanda ya raɗa sunan ba ya nan balle ta kai ƙara.

A cikin wannan hayaniya Babaji ne kaɗai ya zama mata abin sanyaya rai. Kullum da safe zai wanke fuska ya tafi rumfar Baba Zakari koyon gyara. In hantsi ya yi ya wuce, a cewarsa, makarantar koyon kwamfuta, ya dawo gab da magariba. Ba ya gardama, ba ya yawon majalisa. Abu biyu ne kawai suka ɗan tsaya mata. Na ɗaya, Alhaji Zakari ya ce yaron wata takwas yana zuwa amma har yanzu in ya kwance kan keke ya mayar sai an sami ragowar kusoshi a tabarma. Na biyu, kayan kicin ɗinta sun fara ƙafa. Babban ludayi ya ɓace, sai madambaci, sai wata shuɗiyar kula da take ji da ita. Ta zargi maƙwabta masu aro ba su mayarwa, har ta yi kwana uku tana amsa gaisuwar wata a daƙile.

Ranar wata Laraba aka kira ta Gobarau, gidan wata Hajiya Rashida mai ɗinkin zannuwan gado, kekenta ya ƙi ja. Aikin ya ɗauki lokaci, har azahar ta yi. Hajiya ta rantse ba za ta fita gidan ba sai ta ci abinci, ta ce yau ma ta yi sa'a, ba girkin gida ba ne, na saye ne, amma irin wanda ake lasar hannu. Aka kawo kula aka ajiye gaban Saudatu.

Shuɗiya ce. Marfinta yana da hannu, hannun kuma an ɗaure shi da wata 'yar kusar keken ɗinki. Saudatu ta san kusar, don ita ta ɗaura ta da hannunta bara.

Ta buɗe. Dambun shinkafa ne da zogale, ya sha ƙuli da albasa, an watsa masa soyayyen mai daidai misali. Ta kai loma guda, sai ga ɗanɗanon nan na 'yar citta da kanumfari da ita kaɗai ta san tana sakawa a dambu, abin da ta koya wajen mahaifiyarta. Ta tambaya, kamar ba komai, wa ke yin wannan. Hajiya Rashida ta ce wani saurayi ne, ana ce masa Mahmud Mai Girki. A waya ake gaya masa tun da safe, bayan azahar mai babur ya kawo, da yamma a zo a karɓi kula. Ta ce matan unguwar duk sun san shi, har ma'aikatan wani ofis shi ke kai musu. Ta ƙara da cewa ba ta san ɗan gidan wa ba ne, amma ko wace ce uwarsa ta iya hannu.

Saudatu ta ce lalle kam. Ta cinye abin da aka zuba mata, aka ƙara mata ta cinye. Daga baya da take ba da labari ta ce ranta a ɓace yake ƙwarai, amma ɓacin rai daban, yunwa daban.

Da Babaji ya dawo gab da magariba, ya tarar da ita zaune a tsakar gida tana goge sukundireba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambaye shi ya kwamfuta. Ya ce alhamdu lillahi.

Ta ce, "Hajiya Rashida ta Gobarau na gaishe ka. Ta ce gishiri ya yi daidai."

Ya sunkuyar da kai. Ƙannensa biyu suka leƙo daga ɗaki suka koma. Da ya buɗe baki bai yi musu ba, ya faɗi komai. Ba wata makarantar kwamfuta. Gidan Maman Bulus yake zuwa.

Maman Bulus, Rahila ke nan, mutuniyar Zonkwa, ta yi shekara ashirin da wani abu tana shugabar masu dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata kafin ta yi ritaya, tana zaune wajen Ƙofar Ƙaura. Tsohuwar mai kiran Saudatu gyara ce, har abin ya zama ƙawance, ana aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti. Tun Babaji na ƙarami, in ya raka uwarsa can, ba ya zama wajen keke, kicin yake maƙalewa. Ashe da ya gama makaranta ya koma ya roƙe ta ta koya masa abin da ta sani, ta ba shi aron murhun gas ɗinta da wani ɗan ɗaki a bayan gida.

Saudatu ta tambaye shi abin da ya sa ya yi mata ƙarya. Ya ce tsoro. Ta ce tsoron mi, ta taɓa cin mutum? Ya ce ba tsoron faɗa ba, tsoron fuskar da za ta yi, irin wadda take yi yanzu.

Ya ce, "Umma, na yi ƙoƙari wallahi. In na zauna gaban keke, ban jin abin da kuke ji. Ke da kin ji ƙararshi kin san ciwonshi. Ni haka nike da tukunya. Ko daga zaure na san miya ta nuna ko da saura."

Ta ce ya tashi ya yi alwala, an kusa kiran salla.

Abin da ke cin ta ba girkin ba ne. Ta fi kowa sanin yaron ya iya. Bakin mutane take tsoro. Ta san sunan da ake liƙa wa namijin da ya zauna cikin tukwane yana sayar da tuwo da miya, kuma ta san in suna ya liƙe a garin nan, har jikoki sai sun ji shi. Ta yi shekara goma tana kare yaran nan daga a ce tarbiyyar mace ce, ga shi abin zai fito ta inda za a ce an faɗa.

Washegari ta fasa aiki biyu ta hau Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura, da niyyar ta wanke Maman Bulus tas. Ta tarar da ita a ƙofar kicin tana yankan kabewa. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi ciwon gwiwa, aka tambayi Bulus da ke aiki Kaduna, don ko faɗa za a yi ba a fara shi da tsallake gaisuwa. Sannan Saudatu ta sauke abin da ta zo da shi. Maman Bulus ta bari ta gama, ta ce ta yi laifi da ba ta gaya mata ba, ta amsa wannan. Ta ce sau uku tana korar yaron ya je ya faɗa wa uwarsa, yana cewa gobe. Amma ta ce a shekarun da ta yi tana aiki ta koya wa mutum fiye da arba'in girki, ba ta ga mai hannunsa ba. Sannan ta ja ta zuwa ɗakin baya.

Saudatu ta tsaya a bakin ƙofa. Ga madambacinta, ga ludayinta, an wanke an rataye. Ga kuloli jere, kowace da sunan mai ita a 'yar takarda. Ƙasa a share, tsumma a ninke, wuƙaƙe a jere daga babba zuwa ƙarama. Haka Malam Sagir ke jera kayan aikinsa a tabarma, kuma haka yaron bai taɓa iya jera su ba a rumfar kasuwa. Ta ɗan jima tana kallo. Da ta juyo sai ta ce wa Maman Bulus, wannan tagar ta yi ƙanƙanta, hayaƙi zai kashe mata ɗa.

Ba a yi mako ba labari ya kai kunnen Alhaji Zakari, don Babaji ya je da kansa ya ce ya bar zuwa rumfa. Alhaji ya iso gidan da hantsi ranar Asabar, babbar riga na jan ƙasa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo ruwa, ya ƙi sha. Ya yi magana mai tsawo. Ya ce a zuriyarsu ba a taɓa yin namiji mai tallan abinci ba. Ya ce yaron sunan mahaifinsu gare shi, ga shi yana yawo da sunan a bakin matan gari. Ya ce dama abin da ya guda ke nan tun farko, gidan da ba namiji.

Saudatu ta saurara kanta a ƙasa har ya kai aya. Sannan ta ce, a hankali, "Yaya Alhaji, shekara goma da ta wuce ka zauna a nan ka ce gyaran keke aikin maza ne. Da shi na ciyar da su, da shi suka yi karatu. Yau kuma ka ce girki aikin mata ne. To ni na ɗauki na maza, shi ya ɗauki na mata, ka ga gidan bai rasa komi ba."

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Ta ce ita ma ba wasa take ba. Ta tambaye shi mai shayin da yake karyawa wajensa kullum a bakin kasuwa, mace ce? Mai tsiren da yake aika a sayo masa fa, da mai gasa burodi? Ya ce wannan daban. Ta ce bambancin kawai su ba su iya miyar taushe ba.

Daga bayan labule sai ga muryar Fadila, ta yi sallama ta nemi izini, ta ce ita dai abin da aka karantar da su, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida, kuma ba ta ga inda aka hana namiji neman halali da tukunya ba, amma in Baba yana da wani nassi tana son ta ƙaru. Alhaji Zakari ya yi salati, ya dubi labulen, ya dubi Saudatu. Ya shanye ruwan da ya ƙi sha, ya ce shi dai ya faɗi nasa, ya tafi. Saudatu ta ce ranar ce ta fara ganin amfanin ustazancin nan a gidanta.

Mutane sun yi magana, ba a ce ba su yi ba. Wasu samari a bakin lungu sun riƙa kiran Babaji "uwar gida" in zai wuce. Wata rana ya dawo ido jawur ya ce ya gaji, zai bari. Uwar ta ce masa ita ma an kira ta "bakanike" shekara biyu cur, yanzu masu kiran nata su ke aiko 'ya'yansu da sassafe a taimaka a zo. Ta ce in zai bari don ya gaji da girki, ya bari yau. In don bakin 'yan zaman kashe wando ne, ya je ya jiƙa shinkafar gobe. Ya je ya jiƙa.

Abu guda ne ya nema ta kasa yi masa. Ya ce tun da duniya ta san shi da Mahmud, ita ma ta riƙa kiransa haka, Babaji sunan tsofaffi ne. Ta ce ta yarda ya dafa, ta yarda ya sayar, ta yarda a buga sunan a jikin leda, amma ɗan fari kuma mai sunan surukinta, bakinta ba zai iya ba ko za a ba ta Katsina da abin da ke cikinta. Halimatus Sa'adiyya ta ce wannan rashin adalci ne, ita an kira nata duka. Uwar ta ce ta ci gaba da magana a koma Auta.

Shekara biyu bayan haka Fadila ta sauke haddarta. Saudatu ta ce za a yi walima ta gani ta faɗa, kuma ba za a ɗauko masu girki daga ko'ina ba. Babaji ya kafa tukwane shida a filin bayan gida tun da asuba, Maman Bulus na zaune a kujera da sandarta tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Aka yi shinkafa dafa-duka, aka yi waina da miyar taushe, aka yi dambu, aka yi zoɓo da kunun aya. Halimatus Sa'adiyya ta karɓe lasifika a ɓangaren mata ba wanda ya ba ta, ta gabatar da kowa da cikakken sunansa har da waɗanda ba su so. Fadila ta yi karatu, mata suka yi tsit, Saudatu ta ja hijabi ta rufe fuska ta ce hayaƙin itace ne.

Alhaji Zakari ya zo, ya zauna cikin dattawa a ƙofar gida. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce waina tara ya ci, shi ya ce biyar. Da wani abokinsa ya tambayi wanda ya yi girkin, ya ce ɗan ƙanensa ne, ya kau da kai ya shiga wata magana. Har yau bai ce ya yarda ba. In an tayar da zancen yakan ce yaran zamani sai addu'a. Sai dai duk Juma'a akwai kular da ke zuwa rumfarsa, kuma ba a taɓa mayar da ita da abinci a ciki ba.

A wajen walimar nan ne wani baƙo, mai kula da kicin ɗin wani otal a Abuja, ya karɓi lambar Babaji. Bayan wata huɗu aka kira shi ya je koyon aiki na shekara guda. Saudatu ta ce ba inda za shi, ta faɗa sau uku a kwana uku, a na huɗu ta fara ƙulla masa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, wai ta ji an ce na can ba su da ƙamshi. Ta raka shi tasha da safe. Ta yi masa nasiha kan salla, da abokai, da kada ya yarda a raina shi, kada kuma ya raina kowa. Da mota ta tashi ba ta tsaya ɗaga hannu ba, ta ce akwai mai jiranta a Gobarau.

Da yamma ta dawo ta tuna ba wanda zai ɗora tukunya. Rabon da ta yi girkin gidan da kanta an fi shekara uku. Fadila na makaranta, tana koyar da ƙananan azuzuwa. Saudatu ta ɗaura zane ta shiga kicin ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa, ta zuba wa kowa bayan Fadila ta dawo.

'Yan matan suka ci loma biyu suka dubi juna. Fadila ta ce alhamdu lillahi, abinci ni'ima ne, ba a kushe shi. Halimatus Sa'adiyya ta ce ita ba kushewa za ta yi ba, tambaya ce kawai: gishirin ƙarewa ya yi, ko mantawa aka yi?

Saudatu ta ɗanɗana. Babu gishiri ko kaɗan. Ta miƙa hannu ta jawo robar gishiri ta dire a tsakiyar tabarma, ta ce duk wadda bai yi wa ba, motar Abuja na tashi ƙarfe bakwai na safe. Suka barbaɗa, suka cinye, Halimatus Sa'adiyya ta ɗauki waya ta kira yayanta don ta kai rahoto.